Daga Bututun Hayaƙin Landan Zuwa Gonakin Zakirai

Da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Gabasawa, da wuya ka yi tafiyar minti biyar a gefen Zakirai ba ka hangi saurayi goye da famfon feshi ba. Gonakin nan a manne suke da juna, babu daji a tsakaninsu, gero da dawa da wake da gyaɗa kowanne na jiran noma, ga kuɗin ƙwadago ya yi tsada. Sai maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya. Bara na tsaya a bakin wata gona ina kallon wani ɗan ƙanena yana haɗa magani. Ya zuba a murfin kwalba, ya juye a tanki, ya karyo karan dawa ya motsa, abin da ya fantsamar masa a hannu ya goge a wando. Da bakin famfon ya toshe, cire shi ya yi ya hura da bakinsa.

Na ce masa, "Kai yaro, ba ka tsoron abin nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai idan na gama madara nake sha, tana wanke komai."

Madara ba ta wanke komai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a ranar shi ne, duk dokokin da aka rubuta a Najeriya don kare lafiyar ma'aikaci, babu wadda za ta iya nuna yaron nan ta ce ta san shi. Ana biyansa ne a kan kowane tanki, yau a gonar wannan, gobe a gonar wancan. Sunansa ba ya cikin littafin kowa. Wannan ne ya sa na koma baya ina bin sawun dokokin nan, in ga inda suka faro da inda suka tsaya.

Ciwon daji na wurin aiki yana da wata ɗabi'a da ta sa doka ke shan wahalar kama shi. Idan inji ya datse wa mutum yatsa, jini na zuba a nan take, shaidu na tsaye. Sinadarin da ke haddasa daji kuwa shiga yake yi ya kwanta shekara goma sha biyar, ashirin, wani lokaci arba'in. Kafin ya tashi, mutum ya bar aikin, kamfanin ya rufe, mai gidan aikin ya rasu. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci su ƙara tambaya guda a kan tambayoyin da suka saba yi wa majiyyaci, wato su tambaye shi sana'arsa. Duk tarihin da zan bayar a nan a kan wannan tambaya ya ginu.

Wanda ya fara ɗaure wani ciwon daji da wata sana'a ƙarara shi ne Percivall Pott, likitan fiɗa a asibitin St Bartholomew da ke Landan, a 1775. A lokacin gidajen Ingila suna ɗumama ɗaki da gawayin ƙasa, bututun hayaƙinsu kuma matsattse ne, babba ba ya shiga. Sai a samo yara ƙanana, marayu da 'ya'yan talakawa, a tura su ciki su kankare kunkunniya, sau da yawa tsirara, kuma wanka sai an yi watanni. Pott ya lura cewa idan yaran nan suka girma, daji na kama su a fatar maraina, inda baƙin ke maƙalewa. Majalisa ta yi doka a 1788 cewa kada a sa yaron da bai kai shekara takwas ba. Ba wanda ya bi ta, domin ba a naɗa mai tilastawa ba. Aka sake wata a 1834, wata a 1840, wata a 1864. Sai a 1875, bayan wani yaro mai suna George Brewster ya maƙale a bututu ya mutu, Lord Shaftesbury ya tura dokar da ta ba 'yan sanda ikon ba da lasisi da hanawa, sannan aikin ya tsaya. Shekara ɗari cif tsakanin gano cuta da dokar da ta yi aiki. A 1933 ne masana suka tsamo ainihin sinadarin daga kwaltar gawayi, kuma danginsa suna nan a hayaƙin tayar da ake babbaka da ita a mahauta, suna nan a baƙin man da yaran gareji ke wuni a cikinsa.

Labari na biyu ya taɓo mu ta wajen rini. Kano gari ne na marina. Baba da toka muke rini da su a Ƙofar Mata da ƙauyukan Kura tun kafin Bature ya san hanyar nan. A ƙarni na goma sha tara aka gano yadda ake fitar da launi daga kwalta, Jamusawa suka mamaye kasuwar duniya da shi, har kamfanin BASF ya fito da shuninsa na masana'anta a 1897. Shekara biyu kafin nan, a 1895, wani likita a Frankfurt mai suna Ludwig Rehn ya ba da rahoton dajin mafitsara a jikin ma'aikatan wata masana'antar rini. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta nuna sinadarai biyu da ake zargi tun a 1921. Duk da haka Birtaniya ba ta haramta su ba sai a 1967. A 1994 Jamus ta hana shigo da tufafi da fatun da aka rina da launukan da ke sakin irin waɗannan sinadarai, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002. Wannan doka ta iso Kano da wuri, domin duk mai son ya sayar da fata a Italiya dole ya bi ta. Matar da ke sayen garin rini a ƙulle a leda a kasuwa, tana dama shi da hannu a bayan gida, ita ba ta san me ke ciki ba, ba kuma wanda aka ɗora wa alhakin gaya mata.

Na uku shi ne asbestos, kuma shi ne ya fi kowanne kisa. Dutse ne mai zare-zare, wuta ba ta cinsa, shi ya sa aka zuba shi a rufi da sili da bututun ruwa da birkin mota. Nellie Kershaw, ma'aikaciya a masaƙar asbestos ta Turner Brothers a garin Rochdale, ta mutu a 1924 tana da shekara 33, huhunta ya ƙandare. Kamfanin bai biya diyya ba, aka binne ta a kabarin da ko alama babu. Binciken Merewether da Price na 1930 ya haifar da dokar rage ƙura ta 1931. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da dajin huhu. A 1960 Chris Wagner da abokan aikinsa suka gano wani daji na fatar da ke lulluɓe huhu a yankin ma'adinan Afirka ta Kudu, kuma cikin waɗanda ya kama har da mutanen da ba su taɓa shiga rami ba, kusa da wurin kawai suke zaune. A daidai waɗannan shekarun ne ake buɗe masana'antun rufin asbestos a Najeriya, a Ikeja da Enugu, daga baya har Bauchi. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har yanzu yana kashe sama da mutum 200,000 a shekara ta dalilin aiki. Tsofaffin makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da yawa a Arewa da shi aka yi musu sili. Yana zaune lafiya muddin ba a taɓa shi ba. Haɗarin na kan kafinta da lebura da za su fasa shi ranar gyara, da yaron da zai kwashe ɓaraguzan a baro.

To mu a nan, yaushe doka ta fara magana?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru da ya ratsa Zakirai ya kammala a 1930, kuma gyaɗa ce ta ja shi. Dokar diyyar ma'aikata ta farko ta fito a 1941, dokar masana'antu a 1955, an kwaikwayo ta daga ta Ingila. Hankalinta na kan inji da tukunyar tururi da iska da haske da bayan gida. A wancan lokacin wuri ba ya zama masana'anta a idon doka sai ma'aikatansa sun kai goma. Manomi, majemi, maƙeri, marini, ɗan dako, duk suna waje.

Gyaɗar nan kanta ta koya mana darasin da ya kamata mu riƙe. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Bincike ya gano wata guba da fumfuna ke fitarwa, aka sa mata suna afulatoksin, kuma tana daga cikin mafiya ƙarfin abubuwan da ke haddasa dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A lokacin Arewa na cikin manyan masu fitar da gyaɗa a duniya, dalar gyaɗa na tsaye a Kano, wata ta kai buhu 15,000. Nan da nan masana aikin gona suka shiga bincike a kan yadda fumfunar ke kama gyaɗar Arewa, aka tsaurara tantancewa, aka koya wa manoma saurin busarwa. An yi haka ne don kada kasuwar Turai ta kuɓuce. Gyaɗa mai kyau ta hau jirgi. Wadda aka tsince, mai baƙi da ɗaci, ta koma gida ta zama mai da ƙuliƙuli da abincin kaji. Matar da ke ɓarza da sheƙa a tsakar gida, da ɗan dakon da ke shaƙar ƙurar sito, ba a rubuta musu ko layi ɗaya ba. Yau Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce mikirogiram 4 a kilo. Wannan tsari, a kare mai saye a can kafin a tuna da mai aiki a nan, za mu sake cin karo da shi.

Shekarun 1970 su ne lokacin da duniya ta ɗauki maganar da gaske. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1965, ta fara jera sinadarai rukuni-rukuni: waɗanda aka tabbatar, waɗanda ake kyautata zato, waɗanda ake tuhuma. Amurka ta yi babbar dokar lafiyar ma'aikata a 1970. A 1974 aka gano wani dajin hanta da ba a cika gani ba a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba ta B.F. Goodrich a Louisville, kuma cikin shekarar aka sauke iyakar sinadarin da ke jawo shi a iska daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 1. Masu masana'antu sun yi kururuwar cewa za su durƙushe, ba su kuwa durƙushe ba. Benzin, sinadarin da ke cikin fetur mai haddasa dajin jini, shi bai samu wannan sauri ba: an rage iyakarsa a 1978, Kotun Ƙolin Amurka ta soke a 1980, sai a 1987 aka dawo da ita. Duk sanda na ga ɗan bumburutu yana zuƙo fetur da tiyo a baki, ko bakanike yana wanke hannu da shi kafin ya ci abinci, wannan shari'a nake tunawa.

A 1974 ɗin ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da Yarjejeniya ta 139 a kan ciwon daji na wurin aiki. Gajeriya ce, amma ta tattara darasin shekara ɗari biyu. Ƙasa ta riƙa fitar da jerin sinadaran da aka hana ko aka taƙaita. Inda akwai madadi mara haɗari, a canza. A rage yawan mutanen da ke cuɗanya da abin, da tsawon lokacin, da ƙarfinsa. A gaya wa ma'aikaci abin da yake taɓawa. A ajiye rajista. A duba lafiyarsa yana bakin aiki, a kuma ci gaba da dubawa bayan ya bar aikin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zuciyar al'amarin, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 1990 ta wajabta a ajiye bayanan ma'aikaci har shekara arba'in. Najeriya ba ta rattaba hannu a kan wannan yarjejeniya ba, haka ta asbestos ta 1986, haka ta aikin gona ta 2001.

Kuma a daidai lokacin ne Kano ke cika da masana'antu. Bompai, Sharaɗa, Challawa: masaƙu, kamfanonin roba da fenti da batir da sabulu, sai manyan majemu. Samarinmu na Gabasawa da Gezawa da Minjibir sun kwarara can, wasu ci-rani, wasu suka zauna. Jima ta gargajiya da bagaruwa ake yinta. Ta zamani da gishirin kuromiyam ake yi, wanda a kan kansa ba shi ne mafi muni ba, amma yana iya rikiɗewa ya koma nau'in da aka tabbatar yana haddasa dajin huhu, musamman idan an ƙona tarkacen fata. Ƙurar fata ita ma tana rukunin farko, haka ƙurar katako, haka ƙurar dutsen da ake fasawa, haka hayaƙin dizal tun 2012, haka hayaƙin walda tun 2017. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir, masu lambu na tsaye a cikinsa da ƙafa suna ban ruwa. Su ma ma'aikata ne, ko da yake ba su taɓa shiga ƙofar kamfani ba.

Ina da wani kawu da ya yi shekara goma sha wani abu a wata majema a Kano, a sashen da ake rina fata. Da kamfanin ya rufe, ya dawo gida ya kama noma. Bayan shekaru ya fara fitsarin jini. Kowa ya ce tsargiya ce, domin a yankinmu tsargiya ba baƙuwa ba ce, kuma gaskiya ne ita ma tana iya kai mutum ga dajin mafitsara. Aka sha magani, aka sha saiwa. Da aka ambaci daji, tsofaffi suka ce daji ba ya son allura, aka ƙara watanni a gida. Ranar da muka kai shi asibiti a birni ina tsaye ma'aikacin ya tambaye shi sana'a.

Ya ce, "Noma, ranka ya daɗe."

Aka rubuta manomi. Shekarunsa na cikin rini ba su shiga katin ba. Ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya jawo ciwon, domin tambayar ta tsaya a kan abin da yake yi yau. Ina ganin irin wannan kati ya fi kowace doka bayyana matsayinmu. Ƙasar da ba ta rubuta aikin da majiyyaci ya yi a baya ba za ta taɓa ganin ciwon daji na wurin aiki a alƙalumanta ba, abin da ba a gani kuwa ba a yi masa kasafi.

A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta sabunta dokar masana'antu da ta diyya. An samu ci gaba na gaske: ko mutum ɗaya ke aiki a wuri, ya zama masana'anta. Dokar ta wajabta fitar da ƙura da hayaƙi, ta hana cin abinci inda ake sarrafa guba, ta ce a ba da kayan kariya, ta ce a kai rahoton cutar da aiki ya haifar. Sai dai ba ta zo da jerin iyakokin sinadarai irin na ƙasashen da muka ambata ba, kuma gona ba masana'anta ba ce. Tarar da ta yanka idan sakaci ya jawo mutuwa ko rauni ba ta wuce naira 5,000 ba. A 1987 kuɗi ne. Yau ba su cika tankin babur. Dokar masana'antun tana nan har yanzu, ita ce ake aiki da ita.

Shekara guda bayan nan aka gano dubban gangunan sharar guba daga Italiya jibge a wani fili a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu. Ma'aikatan da aka sa su kwashe sun ƙone, wasu sun kwanta asibiti. Kafin 1988 ta ƙare an yi dokar hana shigo da sharar guba mai hukuncin ɗaurin rai da rai, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda NESREA ta gada a 2007. Wannan ya nuna gwamnati na iya sauri idan abin ya zama abin kunya a idon duniya. A 2010 ma sai da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega kafin a waiwayi masu niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Ciwon daji ba ya kashe mutum ɗari huɗu a ƙauye ɗaya a damina ɗaya, ɗaiɗai yake ɗauka, shi ya sa bai taɓa samun irin wannan gaggawa ba.

'Yan uwanmu na Nijar sun ga nasu salon. An fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, Hausawa da Abzinawa da yawa sun yi aiki a ramukan. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa kamfanin Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe, Serge Venel, da ya yi aiki a ma'adinin Cominak ya mutu da dajin huhu; kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki kai tsaye ba. Idan iyalin da ke da lauya da takardun asibiti a Faransa sun sha wannan wuya, sai a auna halin leburan da ya koma ƙauyensu a Maraɗi ko Tawa.

Doka mafi kyau da muka samu ita ce ta diyyar ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu. Mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, ma'aikaci kuma ba sai ya tabbatar da laifin mai gida ba kafin a biya shi. Jadawalinta ya ambaci ciwon daji na wurin aiki da sunansa, ya jera asbestos da benzin da kuromiyam da ƙurar katako da sauransu. Ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da na wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki, har da masu sana'ar da ba ta da rajista. A takarda, yaron gareji a Ƙofar Ruwa yana ciki. A aikace, sai an yi masa rajista, sai wani ya biya, sai likita ya rubuta, sai an shigar da buƙata a kan lokaci. Kuma diyya ihu ne bayan hari. Ƙudirin da zai maye gurbin dokar 1987, ya kafa hukumar kula da lafiya a kowane irin wurin aiki, majalisa ta amince da shi a 2012, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Najeriya ta shiga Yarjejeniya ta 155 a kan lafiyar ma'aikata a 1994, ta shiga 'yar uwarta ta 187 a Nuwamban 2022, watanni kaɗan bayan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ayyana lafiya a wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali. Alkawari ne mai kyau, yana jiran dokar gida.

Mu koma gona. Abin da ya fi kusa da kare ɗan ƙanena shi ne ikon NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, na yi wa maganin ƙwari rajista ko hana shi. A 2008 ta haramta magunguna 30, ciki har da lindan, wanda manya suka sani da Gammalin 20. A 2015 cibiyar Liyon ta sa shi a rukunin da aka tabbatar. A shekarar ce ta sa gilaifoset, uban magungunan ciyawar da ake fesawa a gonakinmu, a rukunin da ake kyautata zato. Adalci ne a faɗi cewa hukumomin Amurka da na Turai ba su yarda da wannan hukunci ba, Turai ma ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023. Amma su a lissafinsu mai feshi na sanye da safar hannu da takalmi da riga mai dogon hannu, yana bin awon da aka rubuta, yana wanka da ya gama. A Amurka wani mai kula da filin makaranta, Dewayne Johnson, ya yi nasara a kotu a 2018, kamfanin Bayer kuma ya ware sama da dala biliyan 10 a 2020 don sasanta ƙararraki. Namu mai feshin silifas ne a ƙafarsa, gargaɗin da ke jikin kwalbar da Turanci ne, wani lokaci ma an ɗura maganin a gorar lemo babu takarda.

Sai wake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP, wanda muke sani a fiya-fiya. Taro ya biyo taro, kwamiti ya biyo kwamiti, duk don a buɗe kasuwa. Yaron da ke yayyafa maganin a rufaffen sito a Dawanau ko a rumbun ƙauye, idonsa na hawaye, shi bai shiga ajanda ba. Abin da ya taimake shi ya zo ta wata hanya: buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro tare da masanan yankin nan, har da na Maraɗi, kuma ake ƙera shi a Kano. Buhun na kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba a zuba komai. Wannan shi ne sharaɗin canza abu mai haɗari da mara haɗari da Yarjejeniya ta 139 ta faɗa, ya shigo ƙauye ba tare da ɗan sanda ko sufeto ba, don kawai ya fi riba.

A ganina daga nan ya kamata mu kama. Sufeton masana'antu ba zai zo Zakirai ba, ko an ninka yawansu. Waɗanda ke nan su ne mai shagon maganin gona, da malamin gona, da ma'aikacin asibitin karkara, da dagaci, da limamin Juma'a, da shugaban masu walda da na bakanikai. Majalisar dokokin Kano na iya wajabta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin duk maganin da ake sayarwa a jihar, ta hana ɗura shi a gora, ta hana ba yaro famfon feshi. Ma'aikatar lafiya na iya ƙara layi ɗaya a katin asibiti, a tambayi ayyukan da mutum ya taɓa yi da shekarun da ya yi a kowanne, rajistar ciwon daji ta Asibitin Malam Aminu Kano ta riƙa tattarawa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran Abuja.

Da na koma gida bana na tafi wa ɗan ƙanen nawa da safar roba da takalmin ruwa da takunkumi. Ya karɓa ya yi godiya. Washegari na same shi a gona da takalmin da safar, takunkumin kuwa na rataye a wuya.

Ya ce, "Baffa, zafi ne, numfashi ba ya fita."

Na ce to ya riƙa fita da asuba kafin rana ta ɗaga, ya juya wa iska baya, ya daina hura bakin famfo. Na kuma ba shi ƙaramin littafi na ce duk maganin da ya fesa ya rubuta sunansa da shekarar. Ya tambaye ni wa zai karanta. Na ce ya dai ajiye shi inda yake ajiye takardar gona. Shekararsa goma sha tara.